Malama Brenda Milner da abin da masu farfaɗiya suka koya wa duniya

A ofisoshin gwamnati, in ana son a auna malami, sai a ƙirga takardun shaidarsa da yawan rubuce-rubucen da ya buga. A kasuwa kuwa tiyar awon dabam ce: tambayar da ake yi ita ce, me iliminsa ya taɓa warware wa wani? Ba safai ake samun mai binciken da ya cika tiyoyin nan biyu ba. Filin wanga mako zai tsaya ne a kan wata baiwar Allah da ta cika su har suka yi tozo, alhali kuwa ba ta taɓa riƙa wuƙar fiɗa ba, ba ta kuma taɓa rubuta wa kowa takardar sayen magani ba. Sunanta Brenda Milner. Kayan aikinta fensir da takarda da agogo, sai haƙurin zama gaban mara lafiya tana yi masa tambayoyi. Da su ne ta sauya yadda likitocin duniya ke kallon farfaɗiya, da yadda masana ke fahimtar abin da ake kira tunawa.

An haife ta a birnin Mancesta na ƙasar Ingila ran 15 ga watan Yuli na 1918. A 1936 ta shiga jami'ar Kambirij da niyyar karanta lissafi, daga baya ta ga ba za ta yi fice a nan ba, sai ta koma fannin nazarin halayyar ɗan Adam, ta gama a 1939. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta yi aikin gwada matuƙan jiragen sama da masu kula da na'urar hango jirage. A 1944 ta bi mijinta, Peter Milner, zuwa Kanada, inda ta yi shekaru tana koyarwa da Faransanci a jami'ar Monreyal. Ta samu digirin dakta a jami'ar McGill a 1952, ƙarƙashin Donald Hebb. Shi ne wanda tun 1950 ya tura ta cibiyar ciwace-ciwacen ƙwaƙwalwa ta Monreyal, wurin babban likitan fiɗa Wilder Penfield.

Sai an san aikin da Penfield ke yi kafin a gane nata. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki, kowace a lokacinta. Idan wani gungu daga cikinsu ya ɓarke da aika saƙo gaba ɗaya ba tsari, shi ne mutum ke faɗuwa yana jijjiga, ko ya ƙura ido ya daina jin magana na ɗan lokaci. Ga mutane da yawa, ɓarkewar tana tasowa ne daga wuri guda, galibi wani tabo a sashen ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne. Penfield, wanda ya kafa cibiyar a 1934, yana buɗe ƙoƙon kan mara lafiya alhali yana farke, domin ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi. Yana taɓa wurare da ɗan tsinken lantarki yana tambayar mutumin abin da ya ji, har ya gano inda ciwon ke tasowa, sa'an nan ya yanke wurin. Da yawa sun samu sauƙi. To amma akwai tambayar da likitan fiɗa ba shi da lokacin amsa ta: in an cire wani yanki na ƙwaƙwalwar mutum, ban da ciwon, me kuma ya tafi tare da shi?

Aikin da Milner ta ɗauka ke nan. Tana gwada mara lafiya kafin a yi masa tiyata, ta sake gwada shi bayanta, ta rubuta abin da ya ragu da abin da ya tsaya yadda yake. Duk ɗan kasuwa ya san wanga tsari, domin shi ne ƙirgar kaya kafin a ɗora wa mota da bayan an sauke. Abin mamaki shi ne, kafin wancan zamani ba a cika yi wa ƙwaƙwalwa irin wannan ƙirga bi da bi ba.

Ba a daɗe ba ƙirgar ta nuna giɓi. Marasa lafiya biyu, waɗanda aka sakaya sunayensu da haruffan P.B. da F.C., an cire musu sashen hagu kamar yadda aka yi wa wasu da dama, amma su sai suka tashi ba su iya riƙe sabon abu a ka. Penfield da Milner suka yi zargin cewa tun farko ɗaya gefen, na dama, yana da lahanin da ba a gani ba, wato tiyatar ta ɗauke musu gefe ɗaya tak da ke aiki. Wurin da suka ɗora wa zargi shi ne wata ƴar tsoka lanƙwasasshiya da ake kira hipokamfus, wadda ke can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Shekaru bayan haka, da P.B. ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar lalle hipokamfus ɗinsa na dama ya tsotse. Tun kafin wannan tabbaci, sun riga sun gabatar da labarin a taron likitoci a Cikago a 1955. Wani likitan fiɗa na garin Hartford a Amurka, William Scoville, ya karanta, ya buga wa Penfield waya ya ce shi ma yana da irin wanga mara lafiya.

Shi ne saurayin da duniya ta yi shekara hamsin ba ta san shi ba sai da haruffan H.M. An haife shi a 1926. Ƙananan alamun farfaɗiya sun fara masa yana ɗan shekara 10, manyan faɗuwa kuma yana ɗan 16. Kafin ya kai 27 ciwon ya hana shi aikinsa na naɗa wayar injuna, magungunan zamanin kuma sun gaza. A 1953 Scoville ya yi masa tiyatar da shi kansa ya yarda cewa ta gwaji ce: ya cire masa sashen ciki na gefe biyun duka, har da kaso mai yawa na hipokamfus. Faɗuwar ta ragu ƙwarai. Amma daga ranar nan H.M. bai ƙara iya ajiye sabon labari ba. Yakan ci abinci, bayan rabin awa ya kasa faɗin ko ya ci. Yakan karanta mujalla ɗaya sau da yawa tamkar yau ya fara ganinta. Da iyalinsa suka sake gida, ya daɗe bai iya gane hanyar sabon gidan ba.

Milner ta riƙa hawa jirgin ƙasa na dare daga Monreyal zuwa Hartford domin ta gwada shi. Ta yi shekaru da dama tana wannan zirga-zirga, kuma duk zuwan da ta yi sai ta sake gaya masa ko ita wace ce. Abin da ta gano a nan shi ne ginshiƙin sunanta. Da farko dai, basirar H.M. ba ta taɓu ba. A ma'aunin kaifin basira, wanda matsakaicin mutum ke samun 100, ya samu 104 kafin tiyata, bayanta kuma 112, watakila domin faɗuwar ta ragu. Maganarsa daidai, ladabinsa daidai, yana tuna ƙuruciyarsa. Sa'an nan kuma yana iya riƙe abu muddin hankalinsa na kansa. Ta taɓa ba shi lamba 584 ta ce ya riƙe. Ya riƙe ta har minti 15 ta hanyar jujjuya lambobin a ransa. Da ta ɗauke masa hankali da wata magana, ba lambar kaɗai ba, har ma cewa an ba shi lamba ya manta. Ke nan riƙon ɗan lokaci dabam, ajiya mai daɗewa dabam, kuma hipokamfus ita ce ƙofar da abu ke bi daga na farko zuwa na biyu. Ba ita ce rumbun ba, tun da tsohon hatsi na nan. Abin da ya lalace shi ne hanyar zuba sabo.

A 1957 Scoville da Milner suka buga sakamakon a wata mujallar likitoci ta Ingila. Shafi 11 ne kacal. A lokacin, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne na Karl Lashley, wanda ya yi shekaru yana yanke sassan ƙwaƙwalwar ɓeraye, ya ƙare da cewa tunawa a warwatse take ko'ina, ba ta da wani mazauni. Shafukan nan 11 suka nuna akwai wurin da in babu shi sabon tunani ba ya zama. An ambaci takardar sau dubbai a rubuce-rubucen masana, tana cikin waɗanda aka fi ambato a duk fannin. Masu ɗokin tara takardu don neman ƙarin girma sai su lura: wannan guda ɗaya ta fi tarin wasu nauyi.

Gwajin da ya fi shahara ya zo daga baya. Ta ba H.M. takarda mai zanen tauraro mai tsini biyar, da layi biyu a jere, ta ce ya bi tsakaninsu da fensir, amma ba zai ga hannunsa ba sai ta cikin madubi. Kowa ya gwada haka zai ga hannu na tafiya inda ba a aike shi ba. H.M. ya yi ta kuskure ranar farko, ranar biyu kuskuren ya ragu, ranar uku yana zanawa sumul. Amma kowace safiya in an kawo masa madubin sai ya ce bai taɓa ganin wanga abu ba, har ya yi mamakin yadda aikin ya zo masa da sauƙi. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Milner ta gabatar da wannan a wani taron masana a Monfeliye ta Faransa a 1961, aka buga shi da Faransanci a Paris a 1962. Daga nan aka gane tunawa ba abu ɗaya ba ce. Akwai ta sanin labari da suna da rana, akwai kuma ta iya aiki, kamar tuƙa keke ko saƙa ko buga keken rubutu, kuma kowace da hanyarta a ƙwaƙwalwa. Tela da ya tsufa ya fara manta sunayen jikokinsa amma ƙafarsa ba ta manta taka keke ba, shi ma shaida ne. Masana irin su Larry Squire da Neal Cohen sun faɗaɗa wanga rarrabewa a 1980, har ta zama darasin farko ga ɗaliban fannin.

Amfanin da ya fi kusa ya koma ga masu farfaɗiya su kansu. Likitocin fiɗa sun daina cire hipokamfus biyu ga mutum ɗaya, kuma Scoville da kansa ya riƙa gargaɗin abokan aikinsa da kada su maimaita. Sauran matsala ita ce irin ta P.B.: yaya za a san ɗaya gefen lafiya lau yake kafin a yanke wannan? Wani likita ɗan Japan, Juhn Wada, ya riga ya ƙirƙiro dabarar zuba maganin barci ta jijiyar wuya, rabin ƙwaƙwalwa ya yi barci na ƴan mintoci, a ga ko mutum na iya magana da sauran rabin. A 1962 Milner da Charles Branch da Theodore Rasmussen suka ƙara wa dabarar gwajin tunawa: cikin ƴan mintocin nan sai a nuna wa mara lafiya hotuna, in maganin ya sake shi a tambaye shi. In bai tuna ba, alama ce gefen da za a bar masa ba zai iya ɗaukar nauyin ba, sai a sake shawara. Cibiyoyin tiyatar farfaɗiya na duniya sun yi shekaru da dama suna aiki da wanga gwaji, ko da yake yau na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun karɓe kaso mai yawa na aikinsa. Ta wannan hanya ce kuma Rasmussen da Milner suka fitar da ƙididdiga a 1977: cikin masu aiki da hannun dama, 96 cikin 100 maganarsu na gefen hagu na ƙwaƙwalwa, cikin bahagwai kuwa kamar 70 ne, sauran ko a dama ko a gefe biyun. Ita tiyatar kanta ta samu tabbaci a 2001, lokacin da wani bincike a Kanada kan mutum 80 ya nuna cewa bayan shekara ɗaya, 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun rabu da faɗuwa mai gusar da hankali, alhali cikin masu shan magani kaɗai 8 ne cikin 100.

Sauran ayyukanta na da yawa, ba su ƙirguwa a fili ɗaya. Ta nuna cewa cire sashen hagu na taɓa tuna kalmomi da labari, na dama kuwa tuna fuska da zane da hanya. A 1963 ta nuna masu rauni a sashen goshi na cin jarrabawar basira, amma in an sauya ƙa'idar wasa sai su nace kan tsohuwar ko da suna faɗi da bakinsu cewa ba daidai ba ce. Cikin shekarun 1990, tana da shekara saba'in da ɗoriya, ta shiga binciken masu harshe biyu tare da Denise Klein, inda suka tarar cewa ga masu jin Ingilishi da Faransanci, kusan wurare ɗaya ne na gefen hagu ke aiki wajen neman kalma a harsunan biyu. Ma'aikacin da ke rubuta rahoto da Faransanci da safe, ya yi ciniki da Hausa da marece, ashe ba ɗakuna biyu ya gina a ka ba.

Tasirin mai bincike kuma ana ganin sa ga waɗanda suka bi sawunsa. Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya sha faɗin cewa labarin H.M. ne ya ja shi zuwa nazarin tunawa. John O'Keefe, wanda ya yi karatu a McGill, ya gano a 1971 cewa akwai ƙwayoyi a hipokamfus ɗin ɓera da ke nuna masa inda yake. Ya samu Nobel a 2014. Ɗalibarta Suzanne Corkin ta gaji aikin H.M., ta yi kusan shekara hamsin a kansa. Masu binciken ciwon mantuwa na tsufa, wanda ake kira Alzheimer, sun san inda za su fara dubawa domin wanga yanki ne yake fara ci. Ita Milner ba a ba ta Nobel ba, abin da ya dace a ce giɓi ne ga masu bayarwa. Ta dai samu kyautar Gairdner a 2005, ta Balzan a 2009, da ta Kavli a 2014 wadda ta raba da O'Keefe da Marcus Raichle.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa wannan duk labarin ƙasashen sanyi ne. To amma ciwon ba na can ba ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Ta ce har 70 cikin 100 na iya rabuwa da faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba su samun sa. Abubuwan da ke barin tabo a ƙwaƙwalwa kuwa sanannu ne a Nijar: masassarar cizon sauro mai hawa ka, sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a 1995 da 1996, doguwar naƙuda, da faɗuwa daga kabu-kabu ba hular kwano. Duk da haka, a gidaje da dama har yau in yaro ya faɗi sai a ce iskoki ne, a ware masa kwano don tsoron yawunsa, a fitar da shi daga lakkol a ce kansa ba zai ɗauki karatu ba. Yawu ba ya ɗaukar ciwon, kuma cusa cokali a bakin mai jijjiga haƙori yake karyawa. Kwantar da shi ake yi ta gefe a kawar da wuta da ruwa daga kusa. Batun karatu kuwa, takardun Milner cike suke da masu farfaɗiya mai tsanani da basirarsu ta kai ta kowa ko ta fi, P.B. injiniya ne. Inda aka samu rauni, rauni ne na wani sashe takamaimai da ake iya aunawa, kuma yawan faɗuwa ba magani na cikin abin da ke ƙara shi.

Ɗabi'ar awon nan ta kai har ga magunguna. Fenobarbital, wanda aka fara ba masu farfaɗiya a 1912 kuma aka fi sani a kantunan magani da sunan Gardénal, yana da araha kuma yana tsayar da faɗuwa, amma wani bincike na 1990 a Amurka ya nuna yana iya rage makin basirar ƙananan yaran da aka daɗe ana ba su don jijjigar zazzaɓi. Wani na 2009 ya nuna maganin balfurowat na iya taɓa basirar jaririn da uwarsa ta sha shi tana da ciki. Wannan ba dalilin yanke shan magani ba ne, domin yankewa farat ɗaya na iya tayar da faɗuwar da ke kisa. Dalili ne na komawa wurin likita a duba irin maganin da yawansa, musamman ga ɗan makaranta da matar da ke shirin haihuwa.

Ilimin nan duka, tilas a faɗa, wani ne ya biya kuɗinsa. H.M. ya yi shekara 55 bayan tiyatar, masu bincike kusan ɗari suka gwada shi, kuma har yau ana muhawara kan yadda mutumin da ba ya tuna abin da aka gaya masa minti biyar da suka wuce zai ba da yardarsa. Ya rasu ran 2 ga Disamba 2008 yana da shekara 82, sai a lokacin aka bayyana sunansa, Henry Molaison. A 2009 aka yanka ƙwaƙwalwarsa falle 2,401 a jami'ar Kalifoniya ta San Diyego. Binciken ya tabbatar da abin da hoton da Corkin ta ɗauka ya nuna tun 1997: Scoville bai cire hipokamfus da yawa kamar yadda ya zata ba, wani yanki na baya ya saura, amma mashigar da ke kai masa saƙo ta tafi kusan duka. Wato almajiran Milner sun gyara taswirar da takardar 1957 ta zana, ba tare da sun rushe abin da ta auna ba. Ita kuwa, a 2018 da ta cika shekara 100, cibiyar Monreyal ta shirya mata taron masana, kuma a lokacin tana nan tana zuwa ofishinta.